Mayafin Shirwa

Puebla, 4 ga Satumba

Zuwa ga Kakana Anselmo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da Gwaggo Eufrosina. Mama tana gaishe ku, ta ce in tambaya ko gwiwar ta yi sauƙi.

Ga mujallar labarin zane ta Shirwa, fitowa ta 612. Na sa ta a leda da kwali a bayanta kamar yadda kuka koya mini. Na wanke hannu kafin na buɗe, ko kusurwa ɗaya ban lanƙwasa ba.

Kada ku yi mamakin bangon. Sun canja wa jarumar, Shirwa, kaya. Mayafin rawaya ya tafi. Yanzu baƙin sulke ne a jikinta daga wuya har ƙafa, abin rufe fuskar ma baƙi. Sabon mai zane aka kawo. Labarin kuma bai ƙare a wannan fitowar ba, wai sai an yi guda shida. A shafuka huɗu na farko babu wanda ya ce uffan. Tana tsaye a kan rufin coci, ruwa yana dukanta.

Ni dai ya yi mini. Ban faɗa wa kowa ba.

Na fara sakandare ranar Litinin. An ba ni kujerar baya kusa da taga. Har yanzu ban yi magana da kowa ba sai malamar lissafi, ita ma suna ta kira na amsa.

Ku rubuto ra'ayinku a takarda daban kamar kullum, ku haɗo da mujallar in sa ta a akwati.

Jikarku,
Yaretzi

Zacatlán, 15 ga Satumba

Guntuwa,

Na gaishe ki, na gaida uwarki. Gwiwa tana nan inda aka bar ta.

Ga abinki na dawo miki da shi. Na duba bango, na buɗe shafi biyu, na rufe. Wannan ba Shirwa ba ce. Wata ce ta faɗa cikin buhun gawayi aka ba ta sunan. Shekara talatin ina sayar da jaridu da mujallu a bakin kasuwa. Mutum zai hango rawayan nan daga tsallaken titi, ya ratso motoci ya zo. Wa zai ratso titi saboda baƙin ƙarfe?

A da fitowa ɗaya labari ɗaya. Ɓarawo ya yi sata a shafi na uku, an kama shi a na ashirin, kowa ya tafi cin abinci. Yanzu an ce in jira wata shida ina kallon mace tana jiƙewa a kan rufi. Ruwa muna da shi a nan Zacatlán, ba sai an aiko mini a ambulan ba.

Ba ra'ayin da zan rubuta. Kada ki ƙara aiko mini da ita. Ki bar akwatunana a ƙarƙashin gadonki yadda suke, hazon garin nan ruɓar da takarda yake yi.

Ki riƙa magana a aji. Ba sa cizo.

Allah ya tsare ki.
Kakanki

Puebla, 28 ga Satumba

Zuwa ga Kakana,

Ina gaishe ku da girmamawa. Wasiƙarku ta zo. Na ga kun koma rubutu da manyan baƙaƙe, layi biyar ya cika shafi.

Shekara huɗu ke nan muna aika wa juna Shirwa, tun da kuka koma wurin Gwaggo. Kun san ban iya waya ba. In aka miƙo mini, sai in ce lafiya lau, in rasa na biyu. Idan aka daina mujallar ban san abin da zan riƙa rubuto muku ba.

Ranar Asabar na je shagon Doña Marisela mai sayar da mujallu. Ba ku kaɗai ba ne. Na tarar da Beto mai gyaran babur da Likita Ordóñez mai cire haƙori suna gardamar kayan Shirwa a gaban kantar shagon.

Beto ya ce, "Mayafin nan labulen ɗaki ne, Likita. Wace mai hankali za ta bi ɓarawo a ɓoye da rawaya? Tun daga garin Cholula za a hango ta."

Likita ya ce, "Ai don a hango ta aka yi. Ita ba ɓarauniya ba ce da za ta ɓuya. Kai da ka fara karanta ta jiya."

"Shekara tara fa."

"Jiya ke nan."

Doña Marisela ta ce, "Duk wanda ya jingina a kan gilashina zai goge shi da rigarsa."

Sai Beto ya juyo ya ce, "Ke jikar Don Anselmo, raba mu. Baƙi ko rawaya?" Na ɗauki fitowa ta 613 na fita. Tana nan wurina, ban aiko ba tunda kun hana.

Akwai laifin da na yi. Na jawo akwatin farko, wanda kuka ce ba a taɓawa. So nake in ga yadda rawayan ya faro, ko zan gane abin da kuke gani. Kaka, a fitowa ta ɗaya mayafinta kore ne. Kore ne har ta arba'in. Sai na yanke salatif ɗin ledar ta 43 da reza, na duba shafin wasiƙun masu karatu. Ga abin da na samu, na kwafe shi daidai:

"Wannan ba Shirwa ba ce, ayaba ce da ƙafafu. Ku dawo mana da kore ko in daina saye. Anselmo T., ɗan shekara goma sha tara, Puebla."

Ba ku daina ba. Na ƙirga akwatunan, sha ɗaya ne.

Na mayar da ita ledarta. Ku yi haƙuri da salatif ɗin.

Jikarku,
Yaretzi

Zacatlán, 20 ga Oktoba

Yaretzi 'yata,

Gwaggonki ce. Ina gaishe ki, ki gaida mamanki. Na san kina ta duba akwatin wasiƙa mako uku, shi ya sa na ɗauki biro, ko da yake bai san ina rubutawa ba. Ya tafi aski.

Wasiƙarki ni na karanta masa. Tun watan Yuli ni nake karanta masa duk abin da kika aiko. Da na zo wurin ayaba ya yi dariya har ya ƙware da kofi. Daga nan ya ce in ajiye ta a aljihun tebur.

Yanar ido ce ta rufe masa idanu biyu. An sa shi a layin tiyata, sai Janairu ko bayan nan. Ƙananan rubutu ya daɗe da barinsu. Mujallun da kika aiko a bana, rawayan nan kawai yake bi da yatsa daga wannan gidan zane zuwa wancan, sauran ya cika da kansa, tunda ya san halinta fiye da nawa. Ra'ayoyin da yake rubuto miki haka ya haɗa su. Wannan ta baƙin kaya kuwa, ya kai ta bakin taga, ya kai ta tsakar gida da rana tsaka, ya juya ta sama da ƙasa. Ya ce mini, "Frosi, ina take?" Na nuna masa. Ya ce, "Nan ai duhu ne kawai."

Na ce bari in karanta masa. Ya ce ni ina karanta Shirwa kamar mai karanta takardar magani.

Ya hana ni faɗa wa kowa. Ke ma ba ki ji daga gare ni ba. Na dai ga bai kamata ki zauna kina zaton ke ce kika yi wani abu ba.

Na sako miki tuffa shida a hannun direban motar Laraba, ki je tasha ki karɓa.

Taki,
Gwaggo Eufrosina

Puebla, 2 ga Nuwamba

Zuwa ga Kakana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yau mun kai wa matarku, Kaka Lupe, furanni a makabarta. Na gaya mata kuna gaishe ta.

Na saɓa muku sau biyu a ambulan ɗin nan. Na farko, na aiko da 612 da 613 bayan kun hana. Na biyu za ku gani da kun buɗe.

Kun koya mini abu uku tun ina 'yar shekara takwas: ba a lanƙwasawa, ba a ci a kai, ba a rubutu a ciki. Na sayi alƙalamin maka mai rawaya, irin mai haske. A kan baƙi ba ta fitowa, don haka na fara zagaye Shirwa da farin fenti na goge kuskure, na bari ya bushe, sannan na bi da rawayan. Na yi haka a kowane gida na kowane shafi. Na zana mata mayafi kuma, ko da yake a wasu wuraren ya fi kama da tawul. Kwana tara ya ɗauke ni.

Littafin makarantar da ke ciki maganganunsu ne. Na kwafe da manyan baƙaƙe, shafi da shafi, da lamba. Inda babu magana na rubuta abin da ke faruwa. Shafi na ɗaya zuwa na huɗu: ruwa.

Na nuna wa Doña Marisela don ta ba ni leda mai faɗi. Ta riƙe ƙirji ta zauna. Likita Ordóñez ya ce wannan kisan kai ne. Beto ya ce a kira 'yan sanda. Na ce musu tawa ce. Da ƙarfi na faɗa, har Beto ya cire hula.

Ba wanda ya gaya mini komai. Ra'ayi ne kawai nawa, cewa rawaya ya fi, kamar yadda kuka ce.

In ba ku so, ku dawo da su, ba zan sake ba.

Jikarku,
Yaretzi

Zacatlán, 13 ga Nuwamba

Guntuwa,

Na gaishe ki.

Kin lalata mujallu biyu. Ko mai naɗe gyaɗa ba zai karɓe su ba yanzu.

A 613, shafi na sha huɗu, gidan ƙasa na hagu, kin tsallake ta. Tana bayan tankin ruwa. Gwaggonki ba ta gan ta ba. Ni na gano ta, don nan za ta tsaya, ko da kore ko da rawaya.

Labarin yana jan ƙafa. Mutumin nan mai lema ban yarda da shi ba.

Ki aiko da 614. Ki rage faɗin mayafin.

Allah ya yi miki albarka.
Kakanki