Kada a Dasa Mini Inuwa a Gabas

Da sunan Allah. Ni Dasikun, mai tatsar kwakwa a nan ƙasar Banyumas, na rubuta wannan da hankalina garau. Na san akwai masu ja, tunda mai hankali ba ya sakin bishiya hannu biyu yana can ƙololuwa. To ga yadda aka yi: babban ɗana Tarsono yana ƙasa yana gardama, ni ina sama ina ramawa. Na saki hannu ɗaya in nuna masa inda rana take fitowa, ya ce bai gani ba, sai na ƙara da ɗayan. Likita ya ce ƙashin baya ne, ya kuma ƙi haɗa ido da ni, na gane karatun. Amma kai lafiyarsa ƙalau, don ba da shi na sauka ba.

Rabon gado aikin liman ne, ba zan sa hannu ba. Ni nawa umarni ne, da ɗan abin da ya rage mini na tsiwa.

Na ɗaya. Tarsono, filin nan na gabas da gonar kwakwa, wanda muke gardamar a kansa: ban yarda ka dasa itacen katako a ciki ba. Ban yarda ina tsaye ba, ban yarda ina faɗowa ba, yanzu ina kwance ma ban yarda ba. Na ji lissafinka, itacen sengon da kake son dasawa yana saurin girma, masu injin katako suna biya nan take. Haka ne. Amma filin a kan tudu yake. Kafin itacen ya isa sara zai tare wa ƙananan bishiyoyin kwakwata hasken safe, su yi ta miƙewa sirara kamar marasa lafiya, furensu ya ƙafe. Za ka ci kuɗin katako sau ɗaya, ƙannenka kuma su rasa abin dafawa kullum.

Na biyu, dalili, don kada a ce tsoho ya ruɗe. Ni aji uku na yi a makaranta, na ukun ma sau biyu. Duk ƙuruciyata na ɗauka zaƙin nan daga ƙasa yake fitowa. Har na taɓa ɗanɗana ƙasar gindin bishiyar da ta fi zaƙi, uwarku Rasiwen ta kama ni baki duk laka, ta ce in na ƙoshi ba sai ta zuba mini shinkafa ba. 'Yata Warsini ce ta fitar da ni daga duhu da littafinta na makaranta. Ashe ganye ne ɗakin girkin. Saiwa ta aiko da ruwa, iskar da muke fitarwa ta shiga ta wasu ƙofofi da ido ba ya gani, koren ganyen ya kama hasken rana ya yi wuta da shi, a dafa sukari, sannan a sako mana iska mai kyau kyauta. Sukarin ya tafi wajen fure, ni kuma in hau da wuƙata in yanke bakin furen in tara gora. Abin da ya ɗiga, uwarku ta dafe shi a kasko ya zama mazarƙwaila. Sunan abin a littafi ya fi ƙarfin harshena, na bari. Abin da na riƙe shi ne, rana ce take aikin, ni ɗan dako ne. Wanda ya tare rana ya kashe mana murhu.

Na uku. Wuƙata da gororin tara ruwa na bar wa autana Kuswanto aro, har liman ya yi nasa. Ka riƙa wanke gora, in ba haka ba ruwan ya yi tsami uwarka ta dafa kunu. Kada ka zuba farin sukari a kasko don ƙara nauyi, ko da duk gari suna yi. Kuma in kana sama aka ja ka da magana, ka yi shiru sai ka sauko.

Na huɗu. Bikinka yana tafe, Kuswanto, kuma na san 'yan'uwan uwarku, sai sun kafa bakan ado na sabon ganyen kwakwa a bakin hanya wanda zai fi na maƙwabta. Su kafa. Amma kada a yanki ko tofo ɗaya daga bishiyar da ake tatsa. Wannan rawayen ganyen da suke so, shi ne tukunyar baɗi. A je a roƙa wajen masu kwakwar banza. In sun ce Dasikun marowaci ne har a kabari, ku ce na ji, na kuma gode.

Na biyar. Warsini, tun ranar da aka ɗauko ni a kan ƙyauren ƙofa ba ki yi wa yayanki magana ba. Ya isa. Ba shi ya ture ni ba. Taurin kai gare shi, kuma kowa ya san inda ya samo. Ki kai masa shayi da hannunki. Kai kuma Tarsono, ka daina zama a bayan ɗaki kana kuka, bangon gora ne, ina ji. Kukanka ba zai sa in ba ka gabas ba.

Allah Ya yi muku albarka, ku ukun. Ku riƙe uwarku, kada ku bar ta ita kaɗai a bakin kasko, hayaƙi ya riga ya ci mata ido. Ku ci abinci a tabarma ɗaya ko da ba kwa dariya.

Saura bashi, kuma ba na kuɗi ba ne. Tsohuwar bishiyar da ke bakin rijiya, tun ina saurayi nake yanke mata fure kafin ya ƙulla. Ta ciyar da ku duka, ita kuwa ko ɗa ɗaya ban bari ta haifa ba. Kullum ina cewa baɗi. A cire mata gora, a bar ta ta yi 'ya'ya. In sun ƙosa, Tarsono, kai za ka zaɓi mafi girma ka binne a filin gabas, inda ka riga ka haƙa ramukan katakonka. Ramin ma ba sai ka sake wahala ba.