Jar Motar da ke Garejin Baba

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da sauran mutanen gida. Na san kunnenka da waya ba sa shiri, shi ya sa na zauna na rubuto.

Na ɗauki hutu daga kantin magani na zo duba Baba. Jiki da sauƙi, yana cin abinci, yana takawa har bakin ƙofa. Mantuwar ce dai take ƙaruwa. Jiya da sunan marigayiya Mama ya kira ni, na amsa, don ban ga amfanin gyara masa ba.

Maganar jar motar nan ce ta hana ni sukuni. Tana nan a gareji cikin mayafinta kamar yadda ka san ta tun ina firamare, agogon da ke ƙirga tafiyarta bai kai kilomita dubu biyu ba. Ka tuna yadda muke yi ranar wanki? Baba ya saki birkin hannu, ya riƙe sitiyari ta taga, ni da Yaya mu tura ta waje, a wanke, a goge, mu sake turo ta ciki. Motar da aka ƙera don gudu, amma a gidanmu ba ta taɓa wuce saurin ƙafafuna ba.

To, shekaranjiya ina yanke masa farce sai ya ce, “Auta, ɗauko makullin jar nan mu ɗan zaga.” Na zaci ban ji daidai ba, sai ya maimaita. Na ruga na gaya wa Yaya, shi ke riƙe da makullin. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, “Ba Baba ne ya faɗa ba, ciwo ne ya faɗa.” Muka yi cacar baki har matarsa ta shiga tsakani.

Da na iya, wallahi da na ɗauke makullin. Amma kujera biyu ce kawai a motar, kuma giyar hannu ce, ni kuwa mai canza giya da kanta na koya. Yaya kaɗai Baba ya koya wa irin wannan tuƙin.

Kawu, kai Yaya yake jin maganarka. Ka sa baki, kada Baba ya bar duniya bai sake hawa motarsa ba.

Ka huta lafiya.
’Yarka,
Auta

*

’Yata Auta,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, na karanta na sake karantawa, na kuma karanta wa Innarki wurin turin motar, ta yi dariya har da hawaye. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, ya yi miki albarka da kika amsa sunan ƙanwata ba ki gyara masa ba.

Bari in fara da abin da na sani, tunda gyaran mota na koyar a kwalejin fasaha har na yi ritaya. Ko Dogo, yayanki, ya miƙa miki makulli yau, kada motar nan ta hau titi. Tayoyinta za su yi miki kama da sababbi, zanensu ko ɗaya bai goge ba, amma roba tana tsufa ko ba ta taka ƙasa ba. Man birki yana shan danshi. Fetur ɗin da ke tanki ya daɗe da tashi daga aiki. Nakan gaya wa ɗalibaina a makon farko cewa ajiya ma tana cin mota, sai dai ita a ɓoye take ci, ba ka gani sai ranar da ka taka birki.

Sai abin da ba ku sani ba. Ni na raka Babanku ya karɓo ta. Ya yi shekaru yana tara kuɗinta, yana yanko hotonta daga mujalla. Da muka hau babban titi ya taka ta, kujera ta manne mini a baya, na riƙe hulata da hannu biyu, shi kuwa yana ta ƙyaƙyata dariya kamar yaron da aka tashi daga makaranta da wuri. Ban taɓa ganin sa haka ba, kafin ranar ko bayanta. A fita ta uku ko ta huɗu wata tifa ta watso tsakuwa, ɗaya ta ɓantare fenti a gaban motar, bai kai ƙwayar wake ba. Ya tsaya a gefen hanya yana shafa wurin da yatsa. Da muka koma gida ya aika aka ɗinko mayafin nan. Daga baya ne ya fara maganar daraja da ƙarancin kilomita. Ni na san tsoro ne ya riga zuwa, dalili ya biyo baya.

Duk da haka, Auta, ki sassauta wa yayanki. Ke hutu kika zo, shi ne yake tashi da Baba kullum, yake masa wanka, yake shan faɗansa. Wanda yake ɗauke da wannan, idan ya ce a’a, a saurari dalilinsa tukuna. Ki ce masa ya rubuto mini, ina son ji daga bakinsa.

Kafin nan, ki ci gaba da yanke farcen. A irin wannan zama ake jin abin da ke ran tsoho.

Ki gaishe da kowa da kowa.
Kawunki

*

Kawu,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Auta ta ce in rubuto, ga shi na rubuto. Ka san ni da dogon rubutu, sai haƙuri.

Ba rowa nake yi da mota ba, ba kuma jira nake ta zama tawa ba, ko da yake Auta ta kusa faɗar hakan. Abin da ba ta gaya maka ba shi ne, washegarin ranar da ya ce a zaga, ya ga jikansa ya jingina keke a jikin mayafin, ya yi faɗan da sai da na auna masa jini. Ya ce, “Ina raye za ku fara raba mini kaya?” Wannan ma Baba ne. Wanne zan bi?

Akwai ranakun da kansa yake warwarewa sarai. A irinsu yakan sa in ɗage mayafin, ya leƙa ta gilashi ya karanta lambar agogon. Ya manta sunan matata, amma lambar nan tana kansa. Idan ya leƙa wata rana ya ga ta canza, ba zai tuna shi ya ce a fita ba. Abin da zai gani kawai shi ne ɗansa ya ci amanarsa da ya ga ƙarfinsa ya ƙare. Auta za ta koma bakin aikinta, ni zan zauna da wannan kallon.

Na dai samo dabara. Na sa sabon batir, na zuƙe tsohon fetur na zuba sabo. Duk ranar da ya ce a zaga, sai in zaunar da shi a kujerar gefe, in tayar da inji, in ɗan taka totur ya ji ƙararta. Ina rufe ƙofar garejin don kada ƙura ta shiga, kada kuma yaran unguwa su taru. Yana jin daɗi, har gyangyaɗi yake yi a ciki. Lamba ba ta motsa ba, kowa ya huta.

Ina ganin magana ta ƙare a nan. A gaida Inna.

Ɗanka,
Dogo

*

Dogo, ɗana,

Gaisuwa a taƙaice yau, don maganar farko ba ta jira. Kada ka sake tayar da injin nan ƙofar gareji a rufe. Ko sau ɗaya. Hayaƙin salansa yana da guba wadda ba ta da wari, kuma alamarta ta farko ita ce barci mai daɗi. Gyangyaɗin da ka ga Baba yana yi, ban sani ba ko jin daɗi ne ko hayaƙi. Da na karanta wurin sai da na ajiye takardar na miƙe tsaye. Ka wangale ƙofar gaba ɗaya, yaran unguwa su taru in sun ga dama, ƙura kuma tsumma ke maganinta. Ban faɗi wannan don in kunyata ka ba. Tausayi ne ya kai ka, ga shi ka gaji halin Babanka na rufe abin da ake so.

Yanzu tambayarka, wanne za ka bi. Tambaya ce ta mai hankali, kuma ba ni da amsar da zan ɗora maka. Gaskiyarka ce, zai iya leƙawa ya ga lamba ta canza ya ɓata rai da kai. Ba zan ce maka hakan ba zai faru ba.

Abin da zan roƙe ka shi ne ka daina ɗaukar mai cewa a zaga a matsayin baƙon da ciwo ya kawo. Na san shi tun kafin a haife ka. Shi ne ya sayi motar, mai hanawar daga baya ya zo. Mantuwa ta kwashe wa Babanka abubuwa da yawa, wataƙila a cikin abin da take kwashewa wasu ranakun har da tsoron nan. Ban ce dole haka ne ba. Na ce ka duba da idonka, kai da kake kusa.

Ga shawarar malami, tunda ba na iya bari. Ka sauya tayoyi huɗun, da man birki, da baƙin mai, da ruwan lagireto, ka sa a duba bel ɗin inji. Wannan bai wajabta maka fita ba. Ko ajiye ta za ka ci gaba da yi, tana bukatarsu. Amma idan wata safiya zuciyarka ta ce maka yau ne, kada ya zama taya ce ta yanke muku hukunci.

Kuma ka riƙa barin Auta ta kwana da Baba kafin hutunta ya ƙare, kai ka yi barci. Daga rubutunka na ga gajiya.

Allah ya yi maka albarka, ya saka maka da abin da kake yi wa mahaifinka.
Kawunka

*

Kawu na kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ban san me ka rubuta wa Yaya ba, ya ƙi nuna mini, amma ranar da ya karanta bai iya cin abinci ba. Washegari ya kawo bakanike gida aka sauya tayoyi da su man birki. Ya zaɓi lokacin da Baba yake barcin rana, ya kuma jera tsofaffin tayoyin a lungu ya lulluɓe, wai ko Baba zai tambaya.

Jiya da hantsi Baba ya ce a zaga. Muka zaunar da shi, Yaya ya wangale ƙofar garejin har ƙarshe, ya shiga ya tayar da inji. Ni ina tsaye a gefe. Da can bango da ƙofa kawai Baba yake gani a gabansa. Jiya titi ya gani, rana ta haske shi, har wani mai keke ya wuce yana waige. Sai ya gyara zama, ya jawo bel da kansa yana laluben inda ake maƙala shi. Ya ɗora hannu a gwiwa yana jira.

Da jiran ya yi tsawo ya ce, “Direba, wa muke jira?”

Yaya ya ce, “Inji ne yake ɗumi, Baba.”

Baba ya ce, “Ai ya isa haka. Ko ba ka iya ba ne? In ba ka iya ba ka sauko, a kira ɗana Dogo, ni na koya masa.”

Kawu, na ga hannun Yaya a kan giya, na ga ƙafarsa ta danne kuloci. Sai kuma ya kashe motar, ya fita ya shige bayan gida. Ban bi shi ba, ban kuma ce masa komai ba har yanzu, ka ga na ji maganarka. Baba ya daɗe a zaune da bel a ƙirjinsa kafin ya yarda na fito da shi.

Gobe hutuna yake ƙarewa. Zan tafi ban san yadda za ta kaya ba.

Ka sa mu a addu’a.
’Yarka,
Auta

*

Kawu,

Bayan gaisuwa. Ni da Baba mun fita yau da safe.

Na bi ta hanyar bayan gari, ina lallaɓawa a giya ta uku. Ya ce, “Wannan tuƙin ai na kai gawa ne, ƙara mata wuta.” Na ƙara. Dariyar da ya yi, ban san yana da irinta ba.

Da yamma kansa ya warware, ya sa na ɗage mayafin, ya leƙa ya karanta lambar. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Wa ya fitar da ita?” Na ce ni ne, Baba. Ya ce, “Da izinin wa?” Na ce da naka. Bai sake yi mini magana ba, abincin ma a hannun matata ya karɓa. Har yanzu da nake rubutun nan bai kalle ni ba. Zan iya ɗauka.

Ka rubuto mini bayan kilomita nawa ake sauya mata baƙin mai, don ban san irin wannan injin ba. Auta kuma kai ka gaya mata, ni ba zan iya da ihunta ba.

A gaida Inna.

Ɗanka,
Dogo