Jakar Kawu a Ƙofar Sabon Fili

Koror, Palau

Zuwa ga ƙanena Kebekol,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka gaba ɗaya. Yaya matarka Dirrengas da yara? Yaya aiki, yaya kuma fama da sanyin Oregon ɗin nan naku? Ubangiji ya tsare ku, ya ba ku lafiya mai amfani, ya raya mana yaran nan cikin tsoronsa, amin. Mu nan da sauƙi dai za a ce. Gwiwata tana nan yadda ka san ta, hadari bai gama haɗuwa ba ta riga ta sanar da ni. Gwaza ya yi kyau bana, har na rasa inda zan kai shi. Ucheriang ɗiyar Goggo ta sauka lafiya, an sami namiji, an gama mata wankan jego ta fito gaban jama'a jikinta sharkaf da man kurkum, kowa yana ta yaba kyanta. Ka ga ai ba za ka ce ban fara maka da labari mai daɗi ba, don daga nan kuma babu sauran daɗi.

Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Ka san bangon gidan nan katako ne, kuma Kawu Tosiwo komai nasa ya tsufa ban da kunne. Maganarsa ce zan yi maka, kuma ba na so ya ji. Tun da aka yi masa aikin nan a Manila bara ya dawo, duk sanda ka tambaya sai in ce maka yana samun sauƙi. Ciwon kam ya warke, amma ya bar masa abin da ya fi ciwon. Ka gafarce ni, na san ba magana ce da ta dace ta fito daga bakin mace zuwa ga ɗan'uwanta ba, amma yau kunya ta ƙare mini: Kawu ba ya iya riƙe fitsari. Ƙunzugu na manya nake sayo masa a kantin magani, in ajiye a saman kanta a banɗaki, in na ga sun ragu in ƙaro. Na sani, ya san na sani, amma ko sau ɗaya bakinmu bai taɓa haɗuwa a kan maganar ba. Dalilin ke nan da ya daina fita. Ba coci, ba zauren dattawa, ba bakin ruwa wurin masu kamun kifi. Mutumin da a da sai an yi da gaske ake samun sa a gida, ya koma daga ɗaki sai baranda, yana ta ramewa ina kallo.

To sai ga maganar sabon filin iakiu, wasan ƙwallon nan namu da ake jefowa a kwaɗa da kulki. Kai ka san Kawu da ƙwallon nan, tun kafin a haife mu bai taɓa bari an jefa ta a tsohon fili ba ya wurin ba. Daga barandarmu ana hango dogayen turakun fitilun da suke kafawa, sai na lura ya fara juya kujerarsa wajen. Ran nan abokinsa Sintaro ya dogaro sandarsa ya zo, ya tsaya a tsakar gida yana ɗaga murya, wai ina tsohon banzan nan, alƙalan wasa duk sun yi ƙiba sun yi tumbi tun da ya daina zuwa yana ci musu mutunci. Kebekol, sai na ji Kawu ya yi dariya. Wallahi sai da na ajiye wuƙar da ke hannuna, don na manta yadda dariyarsa take. Ya ce wa Sintaro wai ya je ya gaya musu su ci su ƙoshi, ranar buɗe fili zai zo ya sauke musu tumbin. A makon nan ya ci miyar ganyen gwaza da ƙaguwa har da neman ƙari, ya sa aka yi masa aski, ya ce in goge masa farar rigarsa. Ni kuwa shashasha na saki jiki, har na je coci na yi godiya, na ce Kawu ya dawo.

Ranar Asabar da rana muka tafi, mu da 'yan Peleliu za a kara. Ba zan rage wa filin komai ba, ya yi kyau. Rumfa ce har sama, kujeru shuɗɗa kowace da lambarta, ga wani ƙaton allo da ke nuna fuskar 'yan wasa kamar a ɗakinka. Ƙasan kuwa ba ciyawa ba ce, wata koriyar darduma ce aka shimfiɗa. Muna isa layin shiga aka fara, Rubak ya fito, babban dattijo ya fito! Masu sayar da soyayyen kifi da rogo suna ta ɗago masa hannu, wani daga cikin 'yan Peleliu ya ce wai yau kam alƙali ya shiga uku. Kawu yana tafe a hankali, kai a sama, tet ɗinsa a hammata, jakar saƙar nan tasa da ta girme ni. Ban taɓa ganin ya yi kyau kamar ranar ba.

Ashe an kafa doka, ba a shiga da buuch, goron nan namu da ake naɗewa a ganye da farar hoda, wai jan yawun masu tauna shi zai ɓata musu darduma. Saboda haka aka ajiye tebur a ƙofa ana duba jakunkuna. Samari duk sun cusa nasu a safa sun wuce. Masu gadin kuma 'ya'yan garin nan ne, in dattijo ya zo sai su ɗan rusuna su kau da kai, don wane ne bai san ba a buɗe tet ɗin mutum ba? Ko matarsa ta aure ba ta sa hannu a ciki. Kai ma ai ba ka manta dukan da Inna ta yi maka ba ranar da ka leƙa na Kawu kana neman alewa. To mu sai layi ya kai mu gaban wani mai gadi, jikan marigayiya Dirratiou, wanda aka haifa a Guam ya girma a can, bai daɗe da dawowa ba, yarenmu ma sai kame-kame. Ya gaida Kawu da ladabi, ya nuna jakar, ya miƙo hannu yana magana da Turanci.

Kawu ya ɗauka buuch yake roƙo. To me kuma mutum zai nufa in ya nuna tet ɗinka ya miƙo hannu? Har murmushi ya yi, ya ce wai ashe Guam ba ta raba shi da abin gida ba, bari ya naɗa masa mai kyau. Ya ɗora jakar a kan tebur don ya ciro ganye. Kafin ya kai hannu, mutumin nan ya ɗauke ta ya kifar, ya zazzage komai. Buuch ya gangara, ga ganye, ga 'yar kwalbar farar hoda, ga wuƙarsa, ga magunguna. Sai ga wani ƙunshi a cikin tsohuwar jarida ya warware, ƙunzugu biyu farare tas, ɗaya a kan tebur, ɗaya ya faɗi ƙasa a gaban ƙafafun mutane.

Da ma dariya aka yi, da na sami wanda zan zaga in huce. Babu wanda ya yi dariya. Layin nan gaba ɗaya ya yi tsit, maza suka ɗaga kai suna kallon rumfa, matan danginmu da ke bayanmu suka juya baya. Shi kuwa bawan Allah ya sunkuya ya ɗauko na ƙasan, ya kakkaɓe shi, ya miƙa wa Kawu da hannu biyu, ya ce da ƙarfi don ya kwantar masa da hankali, wai wannan babu laifi, an yarda marasa lafiya su shiga da kayansu, buuch ɗin ne kawai za a bari. Sintaro ya ɗaga sanda zai rafka masa, yana cewa wai ɗan wane jaki ne wannan, sai da aka rirriƙe shi. Ni na so in kai hannu in tattara masa kayan, na tuna ba ni da ikon taɓawa.

Shi ya mayar da kayansa da kansa, ɗaya bayan ɗaya. Ya bar musu buuch ɗin a tebur. Na matso na ce Kawu mu koma gida, ya ce wai shi iakiu ya zo gani. Muka shiga, muka nemo lambarmu muka zauna, Sintaro ya kori wani daga kujerar kusa ya zauna a gefensa yana ta huci. Abin da na lura da shi, Kawu bai ɗora tet ɗin a cinya yadda ya saba ba, ƙarƙashin kujera ya tura shi da ƙafa. Aka yi kiɗe-kiɗe, aka yi jawabai, aka fara wasa. Mai jifanmu ya yi ƙoƙari, an ce wasan ya yi daɗi. Ni dai ban ga komai ba, gefen fuskar Kawu nake kallo.

Can wajen ƙarshe ana kunnen doki, ɗan wasanmu ya kwaɗa ƙwallo da kulki ta yi nisa, wani namu da ke kan hanyar zagayo fili ya sheƙo da gudu ya zame ya taɓa gida, inda ake cin maki. Kowa ya ga ya riga ƙwallon isa, amma alƙali ya ɗaga hannu ya ce ya fita, ba maki. Allon nan ya maimaita, ƙiri-ƙiri an cuce mu. Ka san abin da ke biyo bayan irin wannan tun muna yara: Kawu ya miƙe, ya dafa ƙugu, ya kwarara ihun nan nasa, wai alƙali ka manto idonka a kwalekwale, fili ya ɗauki shewa. To haka rumfar nan duka ta juyo tana jira. 'Yan Peleliu suka juyo. Alƙalin da kansa ya cire abin kare fuskarsa ya ɗago kai wajenmu, har da ɗan murmushinsa. Na gane so suke su nuna masa ba abin da ya canza, yana nan a Rubak ɗinsa. Kawu yana zaune, idonsa a kan gwiwoyinsa. Da shirun ya yi yawa sai Sintaro ya yunƙura ya yi ihun a madadinsa, muryar ta karye a tsakiya, ya koma ya zauna yana share ido. Daga nan Kawu ya ce in kai shi gida. Har yau ban tambayi wanda ya ci wasan ba.

Tun ranar bai sake zama a baranda ba, taga ma ya sa na rufe. Dangin mai gadin sun zo da kifi da kwandon gwaza ban haƙuri, shi ma yana tsaye a bayansu idonsa ya yi ja, abin tausayi. Kawu bai fito ba, ya ce in gaya musu babu komai, aikinsa ya yi. Dattawan zaure sun zo, ya ce barci yake. Fada na coci ya zo, haka. Abinci in na kai, yadda na ajiye haka nake ɗaukewa, sai dai ya kurɓi ruwan kwakwa. Na sayo masa buuch sabon tsinka, manya masu kyau, suna nan sun bushe a faranti. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a gabansa, ya dube ni kawai ya ce wai in daina wahalar da kaina. Na gaji, Kebekol. Tsoro nake ji, kuma ban ga ta inda za a ɓullo ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta maka shi ne na jiya da safe. Lokacin shan magani ya yi, na kai masa ruwa na tsaya ina jira ya ciro da kansa kamar kullum. Yana kwance ya ba ni baya, sai ya ce tet ɗin yana can bakin ƙofa, in buɗe in ɗauko. Na ɗauka ban ji daidai ba, na ce Kawu, ni? Ya ce wai buɗe mana, me ya rage a ciki da garin nan bai gani ba. Na roƙe shi ya tashi ya ɗauka, ko in miƙo masa jakar, bai ko juyo ba. Maganin kuwa dole ya sha. Na durƙusa na buɗe, ni Ilebrang, na sa hannuna a cikin tet ɗin Kawu, shi kuma ko a jikinsa.

Ka zo. Ba ina cewa in ka zo zai tashi ba ne, na daina yi wa kaina irin wannan alkawari. Amma kai ne ɗan 'yar'uwarsa, kai namiji ne, akwai abin da zai iya bari ka yi masa wanda ni har abada ba zai bari ba. Kada ka ce mini sai hutun ƙarshen shekara, don yadda nake ganin wuyansa a cikin riga, ban san ko zai jira ka ba. Ka nemi izini a wurin aikin, ka ce musu ubanka ne, ai ba ƙarya ka yi ba.

Ka gaishe mini da Dirrengas da kyau, ka ce na gode da man zafin da ta aiko. Ka shafa mini kan Uldekel da ƙanwarsa Imeong, ka gaida Sabino in kun haɗu a coci. Goggo da Ucheriang suna gaishe ku, Sintaro ma ya ce a gaida ɗan gudun hijira. Kawu kuwa bai san ina rubuto maka ba, kuma ba zan ce yana gaishe ka ba, don rabon da ya ambaci sunan wani tun ranar Asabar ɗin nan.

Ubangiji ya kawo ka lafiya, ya kuma sa ka same shi.

Yayarka,
Ilebrang