Duwatsun Murhun Hauwa

Zuwa ga Malam Garba, shugaban 'yan dako da masu talla na bakin ruwan Água de Meninos, a nan Bahiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da jama'arka. Ni ne Idrisu, tsohon nan mai ɗinkin hula a gindin mangwaro. Na yi karatun allo a Zazzau tun kafin a kamo ni bauta, a tsallako da ni teku. Yanzu tsufa ya kama ni, sai a yi haƙuri da rubutun. Ina roƙo a karanta wannan takarda a bainar jama'a, domin a bainar jama'a aka yi abin.

Na farko. Kowa ya san Hauwa mai ƙosai. Lokacin da take baiwa, uwargijiyarta ta ba da hayar nononta ga wani gidan Turawa a unguwar Vitória, ɗanta kuwa aka bar shi da ruwan rogo har ya koma ga Allah. Da ta fanshi kanta ta sake haihuwa, sai ta rantse wannan yarinya za ta sha nono har yaye, a ɗaki, ba a cikin hayaƙi da turmutsitsin masu ɗaukar buhunan sukari ba. Ta bar duwatsun murhunta a gindin mangwaro, bisa al'adar wannan wuri: muddin duwatsunka na nan, wurinka na nan. Ni ta ba amanarsu.

Kullum a gefensu nake ɗinki. Da hantsi, in rana ta bugi teku, filafilan jirage suka yi fari kamar riguna a kan shanya, sai gyangyaɗi ya ɗauke ni. In ga tsohuwar tokar ta sake yin ja. In ji muryar mahaifiyata a kasuwar ƙauyenmu tana kiran masu saye, har ƙanshin ya zo mini, ko da yake ita da man gyaɗa take suya, ba manja ba. Wani lokaci sai in ga tekun ya janye ya zama fadama, shanu suna tsallakowa.

Na biyu. Da damina zazzaɓi ya kwantar da ni, yaranka suka kwashe duwatsun suka tokare ganguna da su. Makon jiya Hauwa ta dawo, kasko a ka, 'yarta riƙe da gefen zanenta, ta tarar da wata Bayarabiya tana suya a wurin. Da kunnena na ji ka ce, "Yaya, ba dutse, ba wuri. Wanda ya tafi hutu ai ya tafi." Hutu, Malam? Lokacin da Audu ɗan dako ya karye a ƙafa, har sandarsa ta dako ta ɓace, amma kun riƙe masa wurinsa, kuma kun kyauta. Ita ba ƙafa ta karye ba, renon mutum ta yi.

Ban ce a kori Bayarabiyar ba, ita ma 'ya'ya take ciyarwa. Inuwar mangwaron ta ishi kasko biyu. Roƙona shi ne ka sa yaranka su maido duwatsun, ko su ɗauko wasu, ai bakin teku ba ya rasa dutse, ka kuma faɗa da bakinka cewa wurin na Hauwa ne.

Saura abin da ya shafe ni. Masu jin Hausa mun rage kaɗan, ita kaɗai take ce mini, "Baba, an tashi lafiya?" Ɗakina yana saman gangare, ba mai leƙawa. Ranar da ban sauko ba, in tana gindin mangwaro za ta lura kafin azahar, ta aiko a yi mini wanka da sutura irin tamu. In kuwa tana yawon talla a unguwannin sama, sai bayan kwanaki maƙwabta su fasa ƙofa, su kai ni inda ba mai karanta ko Fatiha.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka mai tambayar ka ranar da ba a gan ka ba.

Wassalam.
Idrisu mai hula