Ni Na Ce A Yi Musayar Iosefa

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Baba? Ruwan ya tsagaita a Apia?

Ina nan lafiya a Adelaide, sai dai wayar Inna Malia ta hana ni sakat. Eh, ni na ba kulob ɗinmu shawarar a yi musayar ɗanta Iosefa da wani dogon ɗan wasa na Perth. Mama, aikina ke nan, ƙwallon kwando bai san zumunci ba. Masu jifa daga nesa sun yi mana yawa, dogo kuwa ko ɗaya babu. Na bi dogayen da kwantiraginsu ya ƙare, duk kuɗinsu ya fi ƙarfinmu. A Perth Iosefa zai riƙa wasa, a nan benci yake zama.

Inna ta ce, "Kin kai ƙaninki kasuwa kamar alade." Na yi bayani har muryata ta dushe.

Shi kuwa Iosefa ya kwashe kayansa daga gidana. Ranar Lahadi na manta, na dafa gwaza ta mutum biyu.

Ki lallashe ta, don Allah. Allah ya bar mana ku.

'Yarki,
Leitu