Muryar da Aka Canza wa Suna

Alhamis, 9 ga Oktoba, 1969

Iliasu, ɗan maƙwabciyata Humu, ya kawo mini wani Bature mai rikoda. Tare suke bincike a jami'a kan rikicin siyasar shekarun hamsin, lokacin da ake jefa nakiya cikin gidajen mutane. Baturen yana jin Hausa, irin ta littafi. Wai yana son sanin su waye 'yan ta'addan. Na ce ban san kowa mai wannan suna ba. Iliasu ya sunkuyar da kai. Ya san ɗana Garuba yana cikinsu kafin ya ɓace. Ya kuma san su ne suka ƙona shagon ubansa a unguwar Adum.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ƙafa ta kumbura, ban je masallaci ba. Humu ta kawo koko tana mita: "Baba, kowa ya ga obroni, farar fata, sai ya saki baki. Ɗana kuwa, ko gaisuwa a tsaitsaye!" Na ce mata Bature zai tafi da maganar can ƙasarsu. Iliasu kuwa sahu ɗaya yake tsayawa da mu.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Sun dawo. Don in saki jiki, Baturen ya kunna mini hirar wani da ya gudu ƙetare. "Mun canza masa suna, Malam, babu mai gane shi."

Kafin mutumin ya ce uffan sai ya yi ɗan tarin nan. Tarin Garuba ne, irin na uwarsa, matata Mamuna. Ta rasu tana zaton ya mutu, ni ma haka na zata. Muryar ta yi kauri. Yana cewa ba abin da yake marmari kamar dokunun kasuwar Tafo, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye. Iliasu ya miƙa hannu ya kashe akwatin. Suka yi ta musu da Turanci a ƙofata, sun manta na yi makaranta tun ba a haife su ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na tambayi Baturen wane gari Garuba yake. Fuskarsa ta yi ja. Ya ce ya yi wa mutumin alkawari, in ya faɗa za a iya kama shi. Gaskiyarsa. Na tsane shi duk da haka.

Talata, 2 ga Disamba

Wa'adin da gwamnati ta ba baƙi marasa takarda su bar ƙasar ya cika. Loloci, manyan motocin kaya, maƙare da katifu da tukwane, ga azumi a baki. Yanzu wanda ya hango rikoda sai ya rufe ƙofa. Nan aka haife ni, takarda kuwa babu. Da na san wace iyaka zan nufa, da na ce su ɗora ni.

Litinin, 22 ga Disamba

Iliasu ya zo shi kaɗai, ya gyara mini ƙyaure. "Baba, tun tarin farko na gane shi. Na hana a kunna maka, bai ji ba. Wai ni na gida ne, zuciyata ta shiga aikin." Shi ma Baturen bai faɗa masa garin ba, in ji shi. Ya saurari faifan sau da yawa ko zai ji an ambaci shagon babansa. Ba a ambata ba. Muka ci gyaɗa.

Lahadi, 4 ga Janairu, 1970

Layinmu shiru. Ko kukan akuya babu.

Juma'a, 16 ga Janairu

Baturen zai koma ƙetare gobe. Ya tsaya yana murza hularsa: ba zai ɗauki saƙo ba, amma yakan kunna wa mutanen can muryoyin mutanen nan, yadda ya yi mini.

Na ce su zauna. Ya tambaye ni maganar nakiya. Na ba shi labarin gwaibar tsakar gida, yadda ta wuce rufi yanzu. Na faɗi gefen da kabarin Mamuna yake a maƙabartar Tafo, da cewa ɗakin baya yana nan ba a ba kowa haya ba. Iliasu ne ke riƙe da abin magana.

Sun sa mini suna Abubakari. Humu ta ce ashe na yi laushi, na ce don ilimi ne kawai.

Sai da na yi tari sosai kafin in fara.