Karen Afra da zuwan Inna

Zuwa ga Innata, Hajiya Ameena, a Damagaram.

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fatan takardar nan ta same ku lafiya, ku da mutanen gida duka. Yaya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Lyon lafiya lau, baban Afra yana wurin aikinsa, ƙawarku Afra kuma ba ta da zance sai na zuwanku.

Inna, akwai abin da na kasa faɗa a waya, gara ku ji kafin ku hau jirgi: kare gare mu a cikin gida. Wata ƙungiya ce ta ba Afra, horarre ne don taimakon masu keken guragu. Irinsu ake kira golden retriever, ƙato ne, launin zuma, sunansa Tango. Kada ku zaci irin karnukan unguwarmu ne. Wannan ba ya gadi. Ɓarawo ma ya shigo, kaɗa masa wutsiya zai yi. Gashi kuwa ba a magana, kullum ina shara, kullum ga shi a kan zane. Ga kwaɗayi, kilishin da za ku kawo sai an ɗora shi saman kabad. Safe da yamma sai an fita da shi ko ana ruwa, in ya ga kududdufi kuma sai ya kwanta ciki. Ba ya son zama shi kaɗai, duk inda mutum ya nufa yana biye. Na tambayi malaminmu, ya ce riƙon kare don lalura babu laifi. Ɗakin da za ku kwana ku yi salla ba ya shiga, an koya masa.

An horar da shi ya kawo wa Afra takalmanta, shi kuma ya mai da kawo takalmi gaisuwa. Da Kawu Daouda ya zo daga Paris, ko ruwa bai sha ba, sai ga Tango da takalmin Kawun a baki ya ajiye masa a gaba. Kawu ya miƙe, ya ce tun da aka haife shi ba a taɓa korarsa haka ba. Da ƙyar muka zaunar da shi. Daga baya ya ce mu kai karen wani wuri har ku koma, tunda uwa ta fi kare.

Afra ta ji. Bayan ya tafi ta tambaye ni ko za a ɗauke shi. Inna, yarinyar nan da, in cokali ya faɗi mata sai ta haƙura da abincin don kada ta kira ni. Yanzu shi ke ɗauko mata, shi ke buɗe ƙofa, har kanti suna zuwa su biyu. Na ce mata ba inda za shi. Ban taɓa yanke magana kafin na ji ta bakinku ba sai wannan karon, kuma abin yana damuna.

In ba za ku iya ba, Kawu yana da ɗaki, za mu riƙa zuwa muna gaishe ku. Amma ni dai ina roƙonku ku sauka gidana, ku ga jikarku tana fita ba wanda ke tura ta.

A gaida Baba Rachidou, da Gwaggo Sabuwa, da Nazir da iyalinsa.

Ƴarku mai jiran amsa,
Hassia